Nazarin Lamari: Gida Mai Mutum Shida da Ledar Cefane, Daga 47 Zuwa 9 a Mako

## Asalin lamarin

Gidan na mutum shida ne: maigida, uwargida, 'ya'ya uku masu shekara 15, 11 da 4, sai mahaifiyar maigidan. Masu tattali ne, irin waɗanda ba sa zubar da kwalba ko gwangwani sai sun tabbatar ba shi da sauran amfani. Haka suka ɗauki leda ma. Duk wadda ta shigo da cefane, matuƙar ba ta yage ba kuma ba ta yi maiƙo ba, sai a dunƙule ta a cusa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Da nan ya cika aka koma durowa biyu, da su ma suka cika aka rataye buhu kusa da tagar kicin. Shekara uku ana haka, ba wanda ya taɓa ƙirgawa.

A farkon Janairu bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanken ya fara ɗiga. Ba a gane da wuri ba, domin ledojin sun tare ruwan. Leda ba ta shan ruwa, amma dunƙulalliyar leda tana riƙe shi a lungunanta, kuma ba iska da ke ratsa tulin balle ya bushe. Wari ne ya tona asiri. Da aka fito da su aka tarar da fumfuna, da ƙwan kyankyaso, katakon ƙasan kuma ya kumbura har sai da aka canza shi.

## 6 zuwa 20 ga Janairu: ƙidayar farko

Ranar 6 ga wata aka baje ledojin aka ƙirga. An samu 1,140, nauyinsu kusan kilo 6. Ƙanana marasa hannu, waɗanda ake ƙulla kayan awo a ciki, sun kai 610. Masu hannu marasa kauri, masu ƙara idan an murza su, 455. Masu kauri da laushi kuwa 75 ne kacal.

Wannan rabon shi ya nuna aikin da kowacce za ta iya yi. Dukansu folietilin ne, wato robar da ake yin leda da ita, amma mai hannun nan marar kauri yawanci nau'in HDPE ce, lambarta 2 a cikin alamar nan ta sake sarrafawa mai kusurwa uku, nauyinta kimanin giram 5 zuwa 8. Mai kaurin yawanci LDPE ce, lamba 4, tana miƙewa kafin ta tsinke, shi ya sa take jure zirga-zirga. Ƙirar mai hannun ba ta canza sosai ba tun 1965, lokacin da kamfanin Celloplast na Suwidin ya yi rajistar ƙirƙirar injiniyansa Sten Gustaf Thulin: dogon bututun leda ne ake ninke gefensa ciki, a liƙe gindin da zafi, a datse saman ya zama hannu. Saboda haka ta wuri biyu take mutuwa, ko liƙin gindi ya buɗe, ko hannu ya tsinke daga tushe. Da wannan aka tantance su. A kaɗa leda ta cika da iska, a murɗe bakin, a matsa da hannu biyu. Wadda ta saki iska ba za ta riƙe ruwan shara ba.

An ware 380 da ba su da sauran amfani. Yawancinsu danshi da fumfuna ne suka ɓata su, amma wasu ɗagawa kawai ake yi su farfashe kamar busasshen ganye. Iri biyu ne: na saman buhun da rana ke bugawa ta taga, da waɗanda aka buga wa rubutun cewa suna ruɓewa da kansu. Share ɓurɓushinsu daga lungun durowa ya fi ƙirgar gaba ɗaya wahala. Masu kyau 760 suka rage.

Daga nan aka manna takarda a bayan ƙofar kicin, aka ɗaura mata fensir da zare, aka ja layi uku: shigowa, amfani, zubarwa. Mako biyu ana sa alama. Matsakaicin mako ya tashi haka: 47 ke shigowa, ana sake amfani da 19, ana zubar da 20 nan take saboda yagewa ko datti, 8 kuma suna shiga tuli. Takwas a mako har shekara uku ya yi kusan daidai da abin da aka tarar. Cikin 19 ɗin nan, 14 kwandon sharar kicin ne ke cinye su, sau biyu a rana.

Abu ɗaya aka bari a wannan ƙidaya: ba a rubuta daga ina kowace leda ta fito ba.

## Fabrairu: jakunkunan auduga da wankin leda

Kowa a gidan ya ɗauka babban cefanen mako ne tushen matsalar, domin shi ake gani, ana shigowa hannu biyu cike a jere a ƙasa. Ranar 1 ga Fabrairu aka sayo jakunkunan auduga huɗu masu kauri. Babban cefanen yana kawo leda mai hannu 11 a mako. Da jakunkunan ya koma 3 a matsakaici, domin cikin fita huɗu an manta da su sau ɗaya. Dalilin mantuwar ba boyayye ba ne: ana juye kaya a kicin, a ninke jaka a sa a durowa, mai fita kuma ta ƙofar gaba yake fita. Jimillar shigowa ta sauka daga 47 zuwa 39, sai ta tsaya cak.

A watan ne kuma uwargida ta yi niyyar ceto 20 ɗin da ake zubarwa. Takan juya cikin leda waje, ta wanke da ruwan ɗumi da sabulu, ta ɗauraye, ta kifa kowacce a kan kwalba ta tsane. Minti 25 aikin ke ci, sau biyu a mako. Matsala uku suka fito. Maiƙo yana kama folietilin sosai, sai an yi wanki biyu kafin santsin ya fita. Ruwa yana maƙalewa a ninkin gefe, ta yadda leda kan wuni tana rataye amma kusurwarta a jiƙe, idan kuma aka ninke ta haka sai ta yi warin danshi cikin kwana biyu. Na uku, wadda aka ceto ba ta da wurin zuwa, domin buƙatar gidan 19 ce a mako, ga kuma ɗaruruwa suna jiran layi. Bayan mako uku aka daina, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ƙa'ida biyu suka tsira daga gwajin: mai kauri kaɗai ake gogewa a sake fita da ita, kuma duk ledar da ta taɓa ɗanyen nama ko kifi ba ta sake kusantar abinci.

## Maris: saƙa, guga da ƙidaya ta biyu

Babbar 'yar gidan ta iya kwarashi, sai ta gwada mayar da leda zare. Ana shimfiɗa mai hannu a fitar da iskar, a ninke ta ta tsawo har ta zama siririya, a datse hannun da gindin da almakashi, a yanka sauran guntu-guntu mai faɗin santimita 2.5 zuwa 3. Kowane guntu idan an ware shi zobe ne. Sai a zura wani zoben cikin wani a ja a hankali, kada a ja da ƙarfi ya tsinke a ƙullin, a ci gaba har a samu dogon zare a dunƙule shi. Leda ɗaya takan ba da zobe 11 ko 12, kimanin mita 5. Kwarashi mai kaurin milimita 6 zuwa 8 ya fi dacewa, kuma dole a saki hannu, domin zaren leda ba ya santsi a kan ƙarfe kamar ulu. Ƙananan ledoji ba su yi ba sam, suna tsinkewa tun a ƙulli.

Kwando ɗaya mai tsayin santimita 30 ya ci leda 70 da awa 14, cikin mako uku. Kwandon ya yi kyau, ba ya tsoron ruwa, har yanzu ana zuba ƙananan kayan wanki a ciki. A cikin waɗannan makonni uku kuwa, sababbin leda 117 ne suka shigo gidan, ga guntayen hannu da gindi da su ma shara suka zama.

An kuma gwada liƙe leda da dutsen guga. Ana jera shimfiɗa 6 zuwa 8, fuskar da ke da rubutu tana kallon ciki don kada tawada ta fito, a sa su tsakanin takardar gashin burodi biyu, a goga da matsakaicin zafi ba tare da tururi ba, hannu yana tafiya, daƙiƙa 15 zuwa 20 kowane gefe, taga a buɗe. Kuskuren farko shi ne haɗa iri biyu a wuri ɗaya. LDPE tana narkewa a wajen digiri 110 na ma'aunin Salsiyus, HDPE sai wajen 130, don haka kafin ɗaya ta kama ɗayar ta riga ta tattare ta huje. Da aka raba su aka samu shimfiɗa uku daga leda 24, aka lulluɓe sabon katakon ƙarƙashin wurin wanke-wanke da su. Bayan nan ba a samu wani abin da ake buƙatar shimfiɗar a kansa ba, gefen wata kuma ya zame ya liƙe a dutsen guga. Nan aka tsaya.

Daga 15 ga Maris aka sake jan layin takardar bayan ƙofa, wannan karon da wurin rubuta mafitar kowace leda. Cikin 39 na mako: ƙananan ledojin kayan awo da ake jefawa cikin jakar auduga, 14, aiken yara, 13, abin da maigida ke tsayawa ya saya a hanyar dawowa daga aiki, 6, babban cefane, 3, kantin magani da baƙi, 3. Wato kusan rabi daga sayayyar da ba a shirya mata ba ne, ta abu ɗaya ko biyu, wadda ba wanda zai ɗauki ƙatuwar jakar auduga dominta.

## Afrilu: dokar hana shigowa

Tulin bai ragu ba, yana sama da 700. Ranar 5 ga Afrilu uwargida ta gaji, ta tattara su ta kai wurin da ake karɓar leda don sake sarrafawa. Irin waɗannan wurare daban suke karɓarta, ba tare da kwalabe da gwangwani ba, domin leda tana nannaɗewa a jikin sandunan injin tantance shara masu juyawa, sai an kashe inji an yanke ta da wuƙa. Suna son ta a bushe, ba datti, ba rasit a ciki. Masu hannu 40 kaɗai aka bari a gida. Masu kauri 60 da suka rage sun tafi tare da sauran.

Maigida kuma ya kafa doka: duk wanda ya shigo da leda zai jefa tara a gwangwani. Abin da ƙasar Ailan ta yi a 2002 ne ya ba shi sha'awa, inda harajin leda ya rage amfani da ita da kimanin kashi 90 cikin 100. A takarda dokar ta ci, shigowa ta faɗi zuwa 12 a mako. A mako na uku ruwan sama ya kasa wucewa ta magudanar ƙofar gida. Da aka ɗaga murfin ƙarfen aka zaro leda sama da 30. Ashe yaran kan juye saƙon a hannu kafin su shigo, su yar da ledar a waje. Da aka tambayi na tsakiyan, cewa ya yi: "Baba, ai ba ni na ce a saka mini a leda ba, kuma ban je da komai a hannuna ba." Toshewar magudanai irin wannan, amma a faɗin ƙasa da lokacin ambaliya, ita ta sa Bangaladash ta haramta leda marar kauri a 2002.

Matsala ta biyu ta ɓullo ta kicin. Masu hannu sun kusan daina shigowa, amma kwandon shara bai daina cin 14 a mako ba. Kafin mako na uku ya ƙare guda 40 ɗin sun tafi. Aka sayo nannaɗen ledar shara mai guda 30. Da aka ɗora ɗaya a sikelin kicin ta ba da giram 18, ta cefane kuma giram 6. Ke nan ledar da kwandon ke fitarwa ta tashi daga giram 84 zuwa giram 252 a mako, kuma da kuɗi. An soke dokar a ƙarshen wata.

## Mayu da Yuni: canje-canje huɗu

An fara da kwandon shara. Lita 12 yake ɗauka, kuma ba cika yake yi sau biyu a rana ba, wari da ruwan da ke taruwa a gindi ne ke sa a ɗaure a fitar. Kakar yaran ce ta ce a raba jiƙa da busasshe. Aka samo bokiti mai murfi na lita 5, ba a sa masa leda, sai dai a shimfiɗa fallen tsohuwar jarida a gindi. Ɓawon kayan lambu, ganyen shayi, ɓawon ƙwai da sauran abincin da ba nama duk nan suke zuwa, bayan an tsane ruwansu a rariya. Kowace yamma a juye a ramin taki, a ɗauraye bokitin, a kifa shi. Fallen jaridar yana tafiya tare da sharar, shi ke hana ta liƙewa. Gidan da ba shi da ramin taki zai iya naɗe tsanannen ɓawon a jarida biyu ya sa a babban mazubi. Ƙashi, ƙaya da guntun nama ba sa shiga bokitin, domin suna jawo ɓera da ƙuda; su ake ƙullewa a ƙaramar ledar da naman ya zo a ciki, a fitar a ranar. Da jiƙa ya bar kwandon, sai leda ɗaya ta riƙa yin kwana biyu zuwa uku. Buƙatarsa ta sauka daga 14 zuwa 3.

Na biyu, aka ba kowane mai fita ledarsa. Ninkin kusurwa uku aka koya wa kowa: a shimfiɗa leda a shafe iskar daga gindi zuwa baki, a ninke ta ta tsawo har faɗinta ya zama santimita 5 ko 6, a kama kusurwar gindi a ninko ta gefe, a ci gaba da ninkawa kusurwa-kusurwa har a iso hannu, sai a soke hannun a aljihun da ninkin ya bari. Daƙiƙa 15 ne idan hannu ya saba, kuma tana shiga aljihun riga ba ta kumbura shi ba. Maigida ya sa biyu a jakar aiki. Na yaran ya ɗan bambanta, domin yaro ba ya tuna abin da ke aljihun wandon jiya. An kafa ƙusa a jikin ƙofar gaba daidai tsayin manyan biyun, aka rataye leda mai kauri guda, cikin shida da aka tsinto a ɗakunan kwana, aka mayar da 'yar jakar kuɗin aike cikinta. Wanda aka aika ba zai ɗauki kuɗi ba sai ya ɗauki ledar, ba zai kawo canji ba sai ya dawo da ita. Jakunkunan auduga ma aka dawo da su wannan ƙofar, a ƙugiya ta sama wadda ƙaramin ba ya kaiwa; duk wata leda a gidan sama da tsayinsa take, saboda haɗarin toshe numfashi.

Na uku, ƙananan ledojin kayan awo. Daga tsohon labulen raga aka ɗinka jakunkuna takwas, huɗu masu santimita 25 da 30, huɗu masu 30 da 40, da ɗinki biyu a gefe da zariya a baki. Kowacce giram 12 zuwa 15 take, bai kai a yi jayayya a kansa wurin awo ba. Kayan lambu da 'ya'yan itace sun zauna a ciki lafiya, kuma albasa da dankali sun fi daɗewa a raga, tun da ba sa gumi kamar a leda. Hatsi da wake sai jakar yadi mai matsattsen saƙa. Gari da sukari ne suka ƙi: gari yana fita ta ƙofofin saƙar, sukari yana jan danshi ya liƙe a yadin. Su aka koma yi wa roba mai murfi, an rubuta nauyin kowace roba a kan murfinta don mai awo ya cire shi. Wasu masu sayarwa kan ƙulla kaya kafin mutum ya buɗe baki, saboda haka ana miƙa jaka tun kafin a faɗi abin da ake so.

Na huɗu, aka yi wa ajiya iyaka. An yanke ƙafar tsohon wando mai tsawon santimita 45, aka sa roba a bakin ƙasa, zariya a na sama, aka rataye ta nesa da taga da famfo. Ana sakawa ta sama a zaro ta ƙasa, don haka wadda ta fi daɗewa ita ke fara fita, ba wadda za ta zauna har ta tsufa. Guda 30 take ɗauka. Idan ta cika, abin da ya ƙaru sai jakar da ake kaiwa wurin sake sarrafawa.

Shigowa ta zama 24 a ƙarshen Mayu, 13 a ƙarshen Yuni. An duba magudanar ƙofar gida sau biyu, ba a samu komai ba.

## Yuli da Agusta: koma baya biyu

A tsakiyar Yuli ledar nama ta huje a cikin jakar auduga, ba wanda ya lura, aka rataye jakar kamar kullum. Bayan kwana uku wari ya fito, kuma an riga an ɗauko ganyen salak a cikinta, dole aka zubar. Tun Fabrairu ba a taɓa wanke ko ɗaya cikin jakunkunan ba. Ba wannan gidan kaɗai ba ne: binciken da masanan Jami'ar Arizona da ta Loma Linda a Amurka suka wallafa a 2011 ya samu cewa kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka tambaya ba sa wanke jakar cefanensu, alhali wanki da hannu ko da inji yana rage ƙwayoyin cutar da ke jikinta da fiye da kashi 99.9. Daga nan aka ware leda mai kauri guda, aka ɗaura mata jan zare a hannu, ta zama ta nama da kifi kaɗai, ana wanke ta da ruwan zafi da sabulu bayan kowace fita. Na auduga da na raga suna bin wankin mako, kuma ba a ninke su sai sun bushe sarai.

A Agusta baƙi huɗu suka sauka na mako biyu. Shigowa ta haura zuwa 21, ƙafar wandon ta cika a karon farko, aka kai rarar 17 wurin sake sarrafawa. Mako guda bayan tafiyarsu adadin ya koma 10.

A watan ne kuma aka tono wata leda mai rubutun "tana ruɓewa" da aka binne a ramin taki tun farkon Yuni. Launinta ya koɗe, amma hannunta da gindinta suna nan. Ya yi daidai da abin da Imogen Napper da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth suka wallafa a 2019, inda irin waɗannan ledoji suka shekara uku a ƙasa da cikin ruwan teku kuma har lokacin suna iya ɗaukar kaya. Gidan ya ci gaba da ɗaukarsu a matsayin leda kamar kowacce, sai dai ba a ajiye su, su ake fara sa wa kwandon shara.

## Satumba: sakamako

Matsakaicin mako huɗu na Satumba: 9 ke shigowa, 3 daga nama da kifi, 2 daga mantuwa, 2 daga kantin magani, 2 daga baƙi da kyauta. Ana amfani da 8: kwandon shara 3, ƙashi da ƙaya 3, sauran biyun na jiƙaƙƙen takalmi ko kayan tafiya. Ajiyar tana kaiwa da komowa tsakanin 22 da 30. Ba a sake sayen ledar shara ba tun Afrilu, kuma ƙarƙashin wurin wanke-wanke babu komai sai bokiti da sabulu.

## Abin da ya sa wasu suka ci, wasu suka faɗi

Cikin leda 38 da aka rage a mako, 17 daga aiken yara da sayayyar hanya suka fito, 11 daga kayan awo, 11 daga babban cefane, sai guda ɗaya da ta ƙaru ta wajen baƙi da magani. Babban kason bai ci ko sisi ba, ƙusa ɗaya ce da ledojin da ke gidan tun asali. Da takardar Janairu tana da wurin rubuta mafita, da an fara ta nan, an huta da wata uku na lalube.

Wanki, saƙa da guga duk aibinsu ɗaya, suna aiki a kan ledar da ta riga ta shigo, kuma ba wanda cikinsu ke iya cinye 39 a mako. Saƙar ba laifi ba ce ga mai sha'awarta, amma awa 14 ga leda 70 ba hanyar rage tuli ba ce. Tarar Afrilu ta bambanta da harajin Ailan ta wuri guda mai muhimmanci. Can ana biya ne a gaban mai sayarwa, lokacin da mutum ke iya cewa a bar ledar. Nan kuwa tarar tana jiran yaro a gida bayan an riga an ba shi, ba a kuma ba shi abin riƙo ba, sai ya zaɓi ɓoyewa, ƙidayar ma ta zama ƙarya. Shi kuma kwashe tulin kafin a taɓa kwandon shara, sa keke ne gaban doki da ya ninka nauyin ledar da ake zubarwa sau uku. Da bokitin jiƙa ya zo tun farko, masu hannu 40 ɗin nan sun isa kwandon wata uku.

Jakunkunan auduga su ne sayayyar da ta fi rauni. Nazarin da Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya lissafa cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin tasirinta kan ɗumamar yanayi ya yi ƙasa da na ledar HDPE da aka yi amfani da ita sau ɗaya, yayin da mai kauri ta LDPE sau 4 ya ishe ta. Idan kuma ana mayar da kowace HDPE ledar shara, adadin audugar yana tashi zuwa 327. Gidan yana da masu kauri 60 a hannu lokacin da ya sayi audugar, ya kuma kai su wurin sake sarrafawa a Afrilu. Biyu daga jakunkunan sun fita kimanin sau 34 kowacce zuwa ƙarshen Satumba. A fita ɗaya a mako, sai sun cika shekara biyu da rabi kafin su kai 131. Sauran biyun ba su fita sau biyar ba, cefanen gidan bai kai ya cika huɗu ba.

Ledoji uku na nama da kifi ba a taɓa su ba, kuma da hujja, tun da su ne ke fitar da ƙashi da ƙaya. An gwada zuwa da roba mai murfi sau biyu a ƙarshen Satumba. Naman ya iso lafiya, amma da yamma sai da aka zaro mai hannu daga ƙafar wando don ƙulle ƙashin, wadda ta ninka ƙaramar nauyi sau uku. An mayar da robar wurin sukari.